Fasasshiyar Salansar Maharbi

Wata rana na kai babur ɗina gyara wurin Tasi'u bakanike, a wani gari da ke kan hanyar Ningi.

Da hantsi ne, a tsakiyar bazara. Irin zafin nan da ko sirdin babur ka dafa sai ka janye hannu.

Tasi'u ya kwance min inji, ya baje kayan cikinsa a kan buhu, ya ce in ba shi awa ɗaya. Duk wanda ya taɓa hulɗa da bakanike ya san tsawon awa ɗayarsu. Na samu benci na zauna.

Sai kawai muka ga mutum a gabanmu.

Ban ji zuwansa ba. Tasi'u ma bai ji ba, har sifana ta kuɓuce masa.

Dattijo ne, zai haura hamsin, da rigar mafarauta, bindiga a rataye a kafaɗa. Yana kan babur ɗin nan mai caji, sabo fil, ko ledar sirdin ba ta gama yagewa ba.

Ya yi sallama da wata murya a dishe, da kyar ake jin ta. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya tambayi Tasi'u ina tsohon babur ɗinsa.

A nan na ji labarin. Rabi daga bakinsa, rabi daga bakin Tasi'u, don muryar dattijon ba ta kai ko'ina.

Shekara da shekaru yana shiga daji da wani ɗan ƙaramin babur mai tsayin ƙafa, mai taya mai haƙora, irin wanda ba ya tsoron yashi ko dutse. Babur ɗin ba ya ba shi kunya. Aibinsa ɗaya ne: salansarsa ta fashe tun da daɗewa.

In ya buga kik a ƙofar gida, ƙauyen da ke gaba ma sun san ya fito.

Maƙwabta sun gaji. Matarsa ta ce kajinta sun daina ƙwai saboda shi. Abokan farauta kuwa suna yi masa tsiya, wai shi ne kaɗai maharbin da ke aika wa zomo saƙo kafin ya iso.

Da ya sayar da riɗinsa na bana, sai zaɓi ya zo masa: ko dai ya yi wa tsohon gyara na sosai ya ci gaba da shi, ko ya sayar ya ɗauki mai caji.

Wata guda cur yana shawara.

Ya tambayi majalisar mai shayi. Ya tambayi ƙaninsa direba. Ya tambayi mai sayarwa, wanda ni ban san me yake tsammanin zai ji daga bakinsa ba. Har limamin unguwarsu sai da ya tare shi bayan Azahar.

Kowa ya ce mai caji. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba ruwanka da 'yan bumburutu. Ka kai shagon sola a cika maka, ka kama hanya.

Ya sayar wa Tasi'u tsohon, ya ɗauki sabo.

Kuma a faɗi gaskiya, ba ƙarya suka yi masa ba. Sati biyu yana sheƙe ayarsa. Ya ce akwai ranar da ya isa kan garken zabin daji suna kiwo, har ya sauka ya gyara tsayuwa ba wadda ta ɗaga kai. Abin da bai taɓa gani ba tunda yake.

To amma ba shi kaɗai yake shiga daji ba.

Yana da karyar farauta, sunanta Tsinke, don siririya ce. Shekara bakwai suna tare. Kafin wani ya zo min da wa'azi a ƙarƙashin wannan rubutu: ta farauta ce na ce, ka je ka tambayi malaminka hukuncinta, kada ka ɓata min lokaci.

Ga yadda suke yi. In ta bi nama ta yi nisa, sai ya hau wani tudu da babur, ya murɗa totur sau uku. Duk inda take a dajin nan za ta ji, ta juyo.

Ba wanda ya tsara musu haka. Shi bai iya fito ba, haƙoransa na gaba sun zube tuni. Ƙarar babur ɗin ce ta zame musu kira, har ya manta cewa kira ne.

Ya ce shekaranjiya Tsinke ta bi gada ta ɓace bayan duwatsu.

Ya jira. Shiru.

Ya hau tudu kamar yadda ya saba, ya murɗa totur. Babur ya zabura gaba ba ko tari, saura kaɗan ya zuba shi cikin ƙaya.

Ya danna oda. Wata 'yar ƙii-ƙii ta fito, irin ta keken wasan yara.

Ya yi ta ƙwala mata kira har rana ta juya. Ya duba allon babur, batir ya koma ja. A dajin nan ba mai sayar da caji a kwalba. Dole ya juyo, ƙarshen hanyar ma turawa ya yi.

Jiya ya sake komawa. Ya wuni yana ihu daga wannan dutse zuwa wancan. Muryar mutum nawa take, a daji mai faɗin wannan? A nan ya baro muryar tasa.

Yau kwana na uku. Kuma a wannan watan babu ɗigon ruwa a bayan duwatsun, duk ƙoramun sun koma yashi.

Shi ya sa ya zo neman tsohon babur ɗinsa. Aro yake so, na yini ɗaya.

Tasi'u ya ce wannan ai ba komai ba ne. Har da murmushinsa ya shiga shago ya turo babur ɗin. Ashe tuni ya wanke shi, ya fesa masa fenti, ya sa sabon madubi. Ya ce Baba ya tsaya ya ji aiki.

Ya buga kik.

Babur ya tashi a hankali, lumui, kamar kyanwa ta ƙoshi.

Na ga fuskar dattijon ta canja. Ya sunkuya ya leƙa ƙasan babur ɗin.

"Tasi'u, ina salansata?"

"Wannan fasasshiyar, Baba? Na jefar. Ai sabuwa na sa, ba ka ji yadda ya yi shiru ba?"

"Shirun ina da shi, ga shi can na hau na zo. Fasasshiyar na zo nema."

Tasi'u ya tsaya sororo.

Daga nan ya zagaya bayan shago inda yake tara tarkacen ƙarafa.

Da ni da shi da dattijon muka shiga tonon bola. Tsofaffin tankuna, karyayyun sarƙoƙi, rim ɗin da ya lanƙwashe. Ƙarfe ya sha rana, kamar ka ɗauki garwashi. Dattijon ne ya gane ta, ta wani guntun waya da ya taɓa ɗaure ta da shi.

Tasi'u ya kwance sabuwar, ya mayar da tsohuwar. Ya ga ramin ya yi yawa, ya ce bari ya ɗan taɓa shi da walda. Dattijon ya riƙe masa hannu, ya ce ko tsatsar jikinta kada ya goge.

Aka buga kik.

Jama'a, ban san haka ƙarar take ba. Awakin da ke kwance a inuwar shago suka watse. Mai rake da ke tsallaken titi ya aiko da ashar. Dattijon kuwa ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

Sai Tasi'u ya ce zai bi shi, wai fulogin babur ɗin yana wasa, kada ya mutu masa a daji.

Na ce to ni fa? Ya nuna min injina a baje a kan buhu, ya ce in so nake in haɗa da kaina, ga sifana nan.

Na faɗa masa maganganu, ba zan maimaita su a nan ba. Ko ɗaya bai ji ba, ƙarar ta cinye su. Suka tafi, suka bar ni da gadin shago da babur mai caji a jingine.

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce.

Sai can da yamma na jiyo su, tun suna nesa, tun ban ga ko ƙurarsu ba.

Suka tsaya. Tasi'u ne ke tuƙi. Dattijon yana baya, ya rungume wani abu a cinyarsa, ya lulluɓe da rigarsa.

Ita ce. Haƙarƙarinta duk a waje, harshe a bushe, ƙafar gaba an naɗe da tsumma.

Tasi'u ya ce tudu uku suka hau. Kowanne a murɗa totur sau uku, a kashe inji, a kasa kunne. Ba komai sai kukan kurciya.

A na huɗu, can bayan wani busasshen rafi da mai caji bai taɓa iya tsallakawa ba, suka murɗa, suka kashe, suka saurara.

Sai wani ɗan siririn kuka ya taso daga ƙasa.

Ashe ba ɓata ta yi ba. Zargen waya ne, irin wanda masu kama gafiya ke ɗanawa, ya kama mata ƙafa. Kwana uku tana ja, wayar tana ƙara shiga. Ko da ta ji kira ba ta iya zuwa ba. Amsawa kawai ta iya, kuma sai da ta ji abin da ta sani sannan ta amsa.

Tasi'u ya ce bai taɓa ganin mutum mai furfura ya yi gudu irin wannan a cikin yashi ba.

Sun biya wurin malamin dabbobi kafin su ƙaraso. Ya wanke ciwon, ya yi mata allura, ya ce za ta rayu. Amma wayar ta kai ƙashi. Da ƙafa uku za ta ƙarasa rayuwarta. Farauta ta ƙare mata.

Aka kawo ruwa a murfin bokiti, tana lasa a hankali, dattijon yana tallafe da kanta.

Na zaci zai zagi mai cajin. Ko kusa. Ya ce babur ɗin bai yi masa laifin komai ba, duk abin da aka ce zai yi ya yi. Shi ne ya zagaye gari yana neman shawara, ya manta da wadda ke bin babur ɗin da ƙafa.

Sannan ya ce wa Tasi'u ya nemo wa mai cajin mai saye, shi tsohonsa zai mayar.

Tasi'u ya ce masa ya sake tunani. Tunda Tsinke ba za ta ƙara shiga daji ba, kiran wa zai yi da wannan ƙarar? Gara ya riƙe mai shirun, ya ci gaba da kwasar zabinsa.

Dattijon ya ɗauki karyarsa, ya ɗora ta a kan tanki, ya gyara mata ƙafar.

Ya ce, "Yanzu a ƙofar gida za ta riƙa wuni. Gara ta riƙa jin na dawo."

Ya buga kik, awaki suka sake watsewa.

Darasi:

Kafin ka rabu da abu saboda aibinsa, tsaya ka duba aikin da aibin yake yi maka. Wani lokaci abin da ke damun kowa a jikinsa, da shi wani yake gane ka.

Kuma in za ka canja wani abu a rayuwarka, waya ce, gida ne, sana'a ce, hanya ce, kada ka tsaya kan shawarar 'yan majalisa. Su shayinsu za su sha su tashi. Waiwaya ka duba masu bin ka a baya, waɗanda ba su da bakin cewa kada ka yi. Su ne za su kwana uku a daji.

Ka san wani da ke rawar kai zai jefar da tsohon abinsa don ya ga sabo? Tura masa wannan ya karanta tun bai kai shi bola ba. Sauran ku kuma ku yaɗa, ba a kan allo kawai za ku yi ta gyaɗa kai ba.