Ajiyewa Ake Yi, Ba Jifa Ba

Kullum bayan la'asar Malam Badamasi zai tuƙo kekensa daga Getso zuwa filin wata makaranta a bayan Gwarzo, ƙwallon kwando ɗaure a bayan sirdi. Zai share kashin awaki daga kan siminti, ya ba ƙwallo iska, ya tsaya ƙarƙashin kwando yana jira. Yawancin ranaku ba mai zuwa. Samari duk suna gidan kallon ƙwallon ƙafa.

Shekara talatin da ɗaya yana nanata abu guda: yadda ake cin kwando daga kusa. Taku biyu, ka ɗaga gwiwa, ka miƙa hannu, ƙwallo ta taɓa allon bayan kwando ta faɗa ciki. A baki dai da sauƙi. Amma 'ya'yan manoma ne, hannu ya saba cilla damin dawa cikin rumbu, sai su maka ƙwallo a allo ta dawo musu a goshi.

Badi'a, tsohuwar ɗalibarsa, ta ba ni labarin ranar da ya gaji da bayani. Ɗanyen ƙwai ya zaro daga aljihu, ya miƙa mata.

"Ɗora mini wannan a kan katanga."

Ta ɗora a hankali.

"Me ya hana ki jefa shi?"

"Ai fashewa zai yi, Malam."

"To, haka ƙwallo take. Ajiyewa ake yi, ba jifa ba."

Da wannan kalma ɗalibansa 'yan mata suka je gasa a Kano suka ciwo kofi.

Kai ne, Malam, ka saɓa zoben kwando a kafaɗa har wurin mai walda. Kai ne ka saƙa ragarsa da hannunka. Gwanin taku biyu, mun gani.

Watan jiya ya yi ritaya. Shugaban makaranta bai ɓoye masa ba: in zangon nan ya ƙare filin ba ɗalibai, za a cire kwandon a riƙa ajiye babura a wurin.

Ranar Laraba na same shi shi kaɗai. Gwiwa ta hana shi tsalle, daga tsaye ya ajiye ƙwallon, ta faɗa ba ko ƙara. Ya cafe, ya juya zai miƙa wa na gaba a layi kamar yadda ya saba. Ba layi. Wallahi sai da na kau da kai.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da kuka taɓa riƙe ƙwan nan, saura mako biyar zango ya ƙare. Ku ɗauki tsintsiya kamar yadda yake ɗauka, ku riƙo hannun 'ya'yanku. Bayan la'asar yana nan a tsaye, da ƙwallo a hannu.