Teburin cakulan ɗina ya samu mai shayi

Baƙi cike da falo, cakulan na ta hucewa, amma ba wanda ya motsa.

Ni da na wuni ina shirya teburin nan! Ɗan sanyin Dubai ya shigo, na ce bana abokan maigidana, 'yan kasuwar Al Ras, za su sha abin da ba shayi ba. Na jera kofuna, madara mai zafi, garin cakulan, kirfa, citta, dabino, har da dakakkiyar gyaɗa. Na ce, "Bismillah, kowa ya haɗa yadda yake so."

Suka ce, "Madalla, sannu da aiki." Suka ci gaba da hirar kwantenonin kayansu.

Na shige kicin kamar in yi kuka. Kawu Sani, ƙanin mahaifiyar maigidana, ya leƙo.

"'Yata, ba raini ba ne. Yaushe kika ga Bahaushe ya je gidan mutane ya zuba wa kansa? Teburinki mai shayi kawai ya rasa."

Ya naɗe hannun riga, ya tsaya bayan teburin, ya ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani har ya yi kumfa. "Yalla, wa ke son mai kauri?"

Sai ga layi! Manyan alhazai ana ta "Kawu, ƙara min citta." Wallahi ko ɗigo bai rage ba.

Ashe ba ƙoshi ya zaunar da su ba, kunya ce. Ku fa, da kun tashi kun zuba?