Shayin Kazak a Hanyar Madina

Ana sallame sallar asuba muka bar Mahjar, unguwarmu a Jidda, ni da babbar 'yata, wadda ke rubuta wannan da nake faɗa. Madina muka nufa, fitata ta farko tun da na gama takaba. Ciwon suga ne ya ɗauke Alhaji, kuma a zaman makoki ƙanwarsa ta ce a gaban mutane girkina ne ya kashe shi. Na yarda da ita. Shekara arba'in ina zuba masa mai da sukari da hannuna. Ina kuka muka shiga bas.

Motar cike take da masu ziyara, farare, masu ƙananan idanu. Na ɗauka 'yan Sin ne, 'yata ta ce Kazak ake ce musu. Tsohuwar da ke gefena ta cinye kujerarta da rabin tawa. Ni ma ba siririya ba ce. Direba ya dube mu, ya sauka ya duba tayar ɓangarenmu, sannan ya ce, "Yalla, mu tafi."

Hanya sumul, ba rami, sai duwatsu baƙaƙe da raƙuma jefi-jefi. Da hantsi muka tsaya a wurin hutawa, inda ake sayar da ƙwai da burodi da tsada kamar kazar ce ta zo daga Turai. Muka shimfiɗa darduma. Tsohuwar ta miƙo mini wani farin dunƙule, na zaci alewa ce. Busasshen nono ne, gishiri zalla, ga tauri. Saura kaɗan haƙorina ya riga ni zuwa Madina. Sai ta tsiyaya mini shayi ɗan kurɓi a gindin kwano. Na ce a raina, jiki har jiki amma hannu a matse. Don in koya mata karamci, na cika mata kofi fal daga butata, da sukari cokali uku.

Nan take fuskarta ta canza, ta fara naɗe kayanta. 'Yarta, ma'aikaciyar asibiti mai ɗan Larabci, ta kama dariya, tana kira na Khala, wato inna.

"Khala, korar ta kika yi! A wurinmu kaɗan-kaɗan ake zuba wa baƙo don ya daɗe. Cika kofi na nufin sha ka tafi. Ga shi kuma suga gare ta."

Jin sunan ciwon, sai hawaye. Na kwashe labarin Alhaji na faɗa. Da aka fassara wa tsohuwar, ta kama yatsuna ta ce in lissafo kakanninsa bakwai, wai kowane Bakazake ya san nasa. Ta jero nata, tana kumbura kumatu a kan duk mai ƙiba. 'Yarta ta ce mutanensu a da makiyaya ne, kullum kan doki cikin sanyi, yanzu sun zauna a birni, nama da soyayyen fulawa kuwa ba su ragu ba. Ƙiba da suga suna bin jini a wasu gidaje, abinci da zama su ƙarasa.

Ni a na uku na tsaya. Amma uban Alhaji ƙafa aka yanke masa. Kakansa, an ce tururuwa ke bin fitsarinsa. Ƙanwar nan ma da allurar suga take yawo a jaka, kuma ko ruwan gidana ba ta sha.

"Ummi, ke kika yi wa kakan Baba girki?" in ji 'yata.

Dariyata ta farko ke nan tun rasuwar. Na yi ta har da majina, tsohuwar na bubbuga bayana.

A Madina na yi wa Alhaji addu'a, na yi kukana mai isata. Kwana biyu muka juyo, dabino kaɗan na saya.

Mun iso Jidda da la'asar, na tarar da ɗanmu, mai tuƙin babbar mota a tashar jiragen ruwa, kwance da tumbin ubansa sak, yana shan lemon kwalba. Na ƙwace. Washegari na tasa shi gaba zuwa gwajin jini. Likita ya ce yaron yana bakin ƙofar ciwon suga, bai shiga ba tukuna.

Abin da na koyo: jini na da kasonsa, tukunya na da nata. Na jini ba ni na zuba wa Alhaji ba. Tukunyar kuwa har yanzu a hannuna take, kuma ɗana ya fara ƙorafin miya ba mai. Halas, shi ke nan, ya yi ta yi.