Gem Mai Hannu Biyu

Babanmu da hannu yake sayen kaya, ba da ido ba. Ko rediyo ne ko dutsen guga, sai ya ɗaga ya jijjiga, in ya ji nauyi ya ce, "Wannan shi ne na ƙwarai." Ma'aikacin gwamnati ne, kuma a ganinsa abin da za a saya sau biyu ɓarna ce. Da wannan halin ya kwashe mu, ni da ƙanena, wata Asabar daga gidanmu na Unguwar Sarki zuwa shagunan kayan wuta da ke kusa da babbar kasuwa, don a saya wa yaron gem.

Ƙanen nawa shi ne auta, kuma yana da sikila. A shekarar ya daɗe kwance a asibiti, da ya fito likita ya hana shi ƙwallo da shiga ruwan sama. Yaran layinmu ba mugaye ba ne, amma yaro inda ake gudu yake zuwa. Da la'asar sai ya zauna bakin taga yana jin ihunsu a fili. Ni babbar yarsa ce, kuma ganinsa a bakin tagar nan yana ƙona mini rai.

Mai shagon ya fito mana da iri biyu. Ɗaya baƙi, mai sheƙi, hotonsa tangaran, amma hannun wasansa guda ɗaya ne. Ɗayan fari da ja, na gama-gari, da kaset rawaya da bindigar roba ta harbin agwagi, da hannaye biyu masu gajeriyar waya. Baba ya ɗaga baƙin ya gyaɗa kai. Ya ɗaga farin, ya dubi mai shago.

"Wannan ai kwali ne. Akwai wani abu a ciki kuwa?"

Sannan ya juya. "Auta, wanne kake so?"

"Duk wanda Baba ya zaɓa."

Haka aka rene mu. Amma ni ina ganin yatsunsa a kan hannu na biyu na farin, yana ta danna maɓallan a ɓoye. Na san in na yi shiru baƙin za mu tafi da shi, don haka na sa baki, ko da yake ba a tambaye ni ba.

"Baba, mai hannu biyun yake so."

"Me zai yi da biyu? Shi kaɗai ne fa."

"Shi ya sa," na ce.

Baba ya dube ni har na fara jin tsoro. Ya sake ɗaga farin, kamar ko ya ƙara nauyi tun ɗazu. Bai ƙara ba. Ya ce a sa mana shi a leda, fuskarsa kamar wanda aka cuta a ciniki.

Sai dai da muka iso gida ya yi abin da ya lalata komai, kuma da kyakkyawar niyya ya yi shi. Ya haɗa gem ɗin da talabijin na falonsa. Falon nan kuwa na baƙi ne, kujeru da leshi a kansu, mu ma 'yan gida ba ma shiga sai da dalili. Babu yaron da ke layin nan da zai taka shi ko da an ja shi da igiya. Suka ji labari, suka zo suna leƙe ta taga, da sun ji motar Baba su watse. Ni na gwada zama in yi da shi, amma ga girki ga wanke-wanke, kuma gaskiya ban iya ba. Sai Auta ya riƙa yi shi kaɗai, hannu na biyu yashe a kan kafet.

Wata rana Baba ya dawo daga ofis ya tsaya a ƙofa yana kallonsa. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya ɗauki hannun. Wasan mota suka yi. Motar Baba ba ta bar bango ko ɗaya ba ta daka ba. Ya ajiye, ya ce, "Ni wannan ya fi ƙarfina." Ya miƙe ya cire wayoyi, ya rungumi talabijin ɗin nan da ba ya bari ko goge shi mu yi, ya kai shi baranda ya ɗora a kan benci. Ya ce mini, "Je ki kira yaran."

Da ƙyar suka shigo, suna raɓe-raɓe. Kafin magariba baranda ta cika. Muna kicin da Mama sai muka ji rigima ta tashi, wani yaro yana cewa layi ya zo kansa, Auta yana cewa ƙarya yake yi. Muka leƙa, sai ga su suna kokawar hannun gem, yaron ya ture shi har ya zauna daɓas. Mama ta zabura da ludayi a hannu. Baba, da ke alwala a tsakar gida, ya ɗaga mata hannu.

"Ƙyale su," ya ce a hankali. "Rabon da wani ya yi faɗa da yaron nan har na manta."