Jirgin da mahaifina ya gwada da cikinsa

Shekarun baya, lokacin da yajin aiki ya rufe mana lakwal, wato makaranta, shekara guda, na tattara na koma gida Jiratawa. Na tarar da mahaifina yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Masunci ne, kuma tun tasowarsa a kan gora yake su: ya kwanta rub da ciki a kan ƙatuwar gora, yana tuƙi da hannu cikin tafki. Likita ya ce in ƙirjin nan ya sake jiƙa da ruwan sanyi, to a fara haƙa kabari. Mahaifiyata ta ɓoye gorar. Tsoho ya daina cin abinci, ya zauna gindin itacen bedi yana kallon hanyar tafki. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai na ja shi Maraɗi wajen wani kafinta mai haɗa kwalekwale. Ni da ko iyo ban iya ba, na tsaya ina zuba bayani kan siriri mai tsinin ciki, wai ya fi yanka ruwa. Kafinta kuma yana yabon mai zurfi, mai dogon gefe. Mahaifina ya wuce mu yana duba jiragen. Ya hangi wani faffaɗa a jingine, cikinsa shimfiɗe kamar faranti, ya ce a kwantar da shi. Sai kawai ya tuɓe hula, ya shige ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannuwa ta gefe yana laluben ƙasa.

Kafinta ya ce, "Baba, lahiya? Zamne aka tuƙa shi, da hilahili."

Ya ce, "Ɗana, kihi ba ya jin tahiyata in da hannu nike. Rage mini bakin wanga, hannuna shi kai ruwa."

Na so ƙasa ta tsage in shige, don 'yan kallo har sun taru. Aka rage gefen.

Masunta sun yi ta dariya, suka sa wa jirgin suna gadon tsoho. Shi ko a jikinsa. Ya shekara bakwai yana su a kwance, ƙirjinsa a bushe, tarin ya tafi.

Har yau in na tuna raina fari yake yi. Ni dai jirgi na je saya. Shi kuwa abin da zai hana a raba shi da ruwa ya je nema, kuma ya samu.