Sunan da Baba Tsoho Kaɗai Ke Kira

A shekarar da aka yanke Katsina daga jikin Kaduna aka ce mun samu jiharmu, ina saman rumfar gadin gero labarin ya same ni. Ban wuce shekara goma ba. Gonarmu tana bayan ƙauyenmu, ɗan nesa kaɗan da Mabai. Gero ya nuna, tsuntsaye sun taso mana kamar an aiko su, aikina tun safe shi ne jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye ina ihu har murya ta dishe. Wani maƙwabcinmu ya biyo ta hanyar gona da rediyo ɗaure a kan keke, yana shaida wa duk wanda ya gani. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, yana gindin rumfar yana tufka. Ya ji, ya ce Allah ya sa alheri, bai ko ɗago ba. Abin da ya ɗago da shi yayata ce, da ta ɓullo daga cikin karan gero da ƙwaryar fura a ka. Can bayanta ta gabas wani farin girgije ya taso, mai kauri, gindinsa ya ɗan yi duhu. Tsohon ya ajiye tufkar, ya buɗe murya ya ce, "Muzna! Ga Muzna a gaba, ga Muzna a baya!"

A gidanmu ba mai kiran yayata da wannan suna sai shi. Uwani kowa ke ce mata, ni kuma Yaya Uwani. Sunan mahaifiyar babanmu aka sa mata, wadda ta rasu tun ba a haife mu ba, kuma ɗa ba ya buɗe baki ya ambaci sunan uwarsa ko da a kan 'yarsa ne. Inna ma ba ta faɗi, don sunan surukarta ne. Mu yara mun taso mun ga ana kewaye sunan nan kamar yadda ake kewaye rijiya marar marfi, muka bi sahu ba tare da an ce mana komai ba. Ni duk zatona wani sunan tsokana ne tsohon ya ƙirƙira, tunda dama "matata" yake ce mata, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta auren mai goro a haƙori.

Ran nan da ta sauke furar ta koma, sai na sauko na tambaye shi asalin sunan. Ya dubi girgijen ya ce, "Zauna, tsuntsun ma ya ci rabonsa." Ya ce iyayen kakata mutanen Damari ne, can wajen Sabuwa. Sun tashi a ƙasa da jaki ɗaya za su Makka, kamar yadda mutanen da ke yi, a tafi a tsaya a yi aiki a samu guzuri a ƙara gaba. A ƙasar Sudan suka yada zango mai tsawo suna tsinkar auduga, a gidan wata Balarabiya da ta ba su ɗaki. An daɗe ana jiran ruwa a wannan shekara, har ƙasa ta tsage. Da safen da aka haifi kakata sai ga girgije fari ya tsaya a kan garin, kafin azahar ruwa ya sauka. Balarabiyar ta ɗauki jaririya ta ce a sa mata Muzna, wato farin girgijen da ke ɗauke da ruwa. Baba Tsoho ya ce ba baƙin hadari mai iska da tsawa ba ne, wanda ke kwantar da gero, shi wannan a hankali yake zuwa ya jiƙa ƙasa ya wuce. Ya ce wani malami ya taɓa gaya masa asalin kalmar yana cikin Alƙur'ani mai girma, a inda ake maganar saukar ruwa. Da suka dawo gida tana 'yar budurwa, ba abin da ta zo da shi daga wannan doguwar tafiya sai wata 'yar tsakiya ja, irin dutsen adon nan, a wuya da sunan nan.

Sai ya faɗi abin da ban gane ba sai da na girma. Ita ce matarsa ta fari, kuma mutanen zamaninsu kunyar sunan matar fari suke yi. "Duk zaman da muka yi, ke nake ce mata," in ji shi. "Sai da ɗiyar ga ta zo na ɗanɗana sunan a bakina."

Daga ranar na zama mai kallon sama. Idan na kora awaki bakin fadama, sai in kwanta rigingine a kan ciyawa ina tantance gizagizai, wannan na banza ne, wannan hadari ne, wancan kuwa ita ce. A raina ƙasar Sudan tana bayan dutsen da ke gabas da mu, kuma daga can girgijen ke tasowa, ya biyo hanyar da jakin nan ya bi, ya zo duba jikarsa. Ita kuwa Yaya Uwani ba ruwanta da wannan duka. Da sassafe tana bakin turmi ita da Inna suna surfe, ana luguden taɓarya har ka rantse kiɗa ake yi. Ta tuƙa tuwo, ta ɗebo ruwa a tulu, ta soya gyaɗa, ta tsinko zogale a bayan danga. Da yamma ta zauna a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida da ƙawayenta suna carafke, ba mai cin ta, hannunta kamar ba ya taɓa ƙasa. Mu muna gefe muna langa ko buga ƙwallon tsumma, in na faɗi na kurje gwiwa ita ke tofa min yawu ta ce, "Tashi, namiji ba ya kuka a gaban mata." A makarantar allo ta zauren liman ma Uwani ake kiranta. Sau da yawa in muna dawowa daga rafi ni da ita kaɗai, sunan yakan zo min har bakin leɓe, sai in haɗiye.

Sau ɗaya na ji an faɗe shi a bainar jama'a, ranar ɗaurin aurenta. Wani mai sayar da hatsi ne daga Sheme, ita ta ce tana so. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiya, an kawo goro, liman ya tambayi sunan amarya na yanka. Babanmu ya sunkuyar da kai. Ƙanensa da ke waliyyi, shi ma sunan uwarsa ne, ya shiga gyaran hula. Wasu suka fara murmushi. Sai Baba Tsoho, da ya tsufa sosai a lokacin, ya dogara sanda ya ce, "Ku matsa, matata ce za a ƙwace min, ni zan faɗa. Muzna!" Aka fashe da dariya. Wani dattijo cikin baƙin Sheme ya ce shi dai ya zagaya ƙasar Faskari kaf bai taɓa jin mai wannan suna ba. Tsohon ya ce, "Shi ya sa ba mu ba ku ita da arha ba."

Damina biyu bayan nan Baba Tsoho ya rasu, sunan ya bi shi. A Sheme Uwanin Mabai suke ce wa yayata, da shi ta haifi 'ya'yanta, da shi aka yi mata addu'a ranar da ciwon ajali ya ɗauke ta. Ni kuma na shiga harkar lodin hatsi, kasuwar Kankara, ta Sheme, har Sabuwa da Damari. Na ji Hauwa da Binta da Rabi ba iyaka, daga baya na ji su Hanan da Amira da Ilham sun cika gari, amma ban taɓa jin uwa ta leƙo daga zaure ta ƙwala kiran Muzna ba. A Damari na tambayi tsofaffi, ɗaya ce kawai ta ce kamar ta tuna wata da aka haifa a hanyar Makka, amma sunan ya kwanta mata. Ran nan ne na gane in na mutu ban yi wani abu ba, shi ke nan, sunan da ya taho a ƙasa tun daga Sudan zai ƙare a cikina, ni da ban taɓa furta shi ba.

Yanzu muna cikin garin Kankara a gidan haya, tun da 'yan bindiga suka hana mu kwana a ƙauye. Da la'asar nakan je ajin manya ina koyon rubutu, a nan na samu hannun da nake rubuta wannan. Bana matar ɗana Nura ta haifi mace. Na yi shiru har kwanaki suka ja, don zaɓin suna na uba ne, kuma na san sun riga sun tsinto wani a waya. Ana jibi suna na kira shi ƙofar gida na ba shi labarin rumfar gero daga farko. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, sunan nan fa ba wanda ya san shi. Duk inda ta je sai an ce ta sake faɗi." Na ce to ta sake faɗi, ai baki ba ya ƙarewa. A nan muka bar maganar. Ashe ya shiga ya gaya wa maijego, ita kuma ta duba a wayarta ta ga ma'anar daidai da yadda tsohon da bai san ko bihim a boko ba ya faɗa min. Ranar suna da safe, bayan an shafa fatiha, na ji sanƙira ya ɗaga murya ya faɗe shi. Sai na kama gyaran hula, kamar ƙanen babanmu.

Kafin rana ta faɗi gida duk ya koma kiranta Gwaggo, tunda sunan yayar ubansa ne Nura ba zai iya faɗi ba, matarsa ma haka. Na yi dariya ni kaɗai. Sunan ya sake shiga ɗaki, kuma an bar shi a hannun mutum ɗaya, kakan da ke da izinin tsokana. Aka miƙo min ita cikin zane, na ce, "Muzna, matata, kin iso?" Shi ne karo na farko a rayuwata da na kira mutum da wannan suna.

A nan gari sama ƙarama ce, tsakanin katanga da katanga, amma in damina ta kama nakan fito da ita tsakar gida mu duba gabas. Ba zan iya kai ta ta ga inda aka ba ni labarin ba. Mun bar gona biyu, rumbu uku, tsamiya ɗaya, da kaburburan Baba Tsoho da babanmu da Inna da ba mu isa mu ziyarta ba. Suna ɗaya muka fito da shi, kuma kullum da safe ina kiransa.