Sun Ce Ba Su Cin Tuwon Mai Leda

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi, ni mai tuwo ce a tashar Jega, shekaruna talatin da ’yan kai, ’ya’yana huɗu. Mijina manomin albasa ne, gonarsa tana wajen Aliero. Direbobin da ke lodin albasa zuwa kudu a rumfata suke tsayawa, don tuwon shinkafata da miyar kuka babu kamarsu a tashar, ni ma kuma na san haka. Ina da baki, ina da ƙarfi, ni kaɗai nake sauke tukunyar da mata biyu ke kamawa. Sai zazzaɓin taifot ya kama ni, na yi ta jan jiki ina zuwa rumfa har hanjina ya huje. A wani babban asibiti a Sakkwato aka yi mini aiki. Da na farfaɗo na tarar an fito mini da bakin hanji ta gefen ciki, ta nan bayan gida zai riƙa fita. Jakar da ake mannawa a wurin ba kullum ake samunta ba, yawanci leda ce da tsumma da filasta. Wata bakwai na yi haka a ɗakin Innata a Maiyama, ita ke wanke ni, ita ke ƙona ledojin a bayan danga.

Ranar da aka mayar da hanjin aka ɗinke, na ɗauka wahala ta ƙare. Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce hanjin da ya daɗe bai yi aiki ba sai ya sake koyo, zan riƙa zagayawa sau da yawa, wani lokaci ma ba zan iya riƙewa ba. Ya ce in ci kaɗan-kaɗan, in sha ruwa sosai, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kada kuma in sha wani maganin tsayar da ciki ban tambaya ba. Na ce na ji. Sati shida kacal na yi, na ɗaura zane na koma tasha, duk da mijina ya roƙe ni in bari sai bayan girbi.

Ashe labarina ya riga ni isa. Kowa ya san da leda na yi zama. Kafin azahar nakan ɗauki buta sau takwas ko tara, idanu suna bina har in dawo. Wata rana wani direba da ya shekara biyar yana ci a wurina ya tsaya bakin rumfa, ya ɗaga murya ya ce wa abokansa shi dai ba ya cin tuwon mai leda, wanda ba ya ƙyama ya shiga. Aka yi dariya. Ni da ba a taɓa faɗa mini magana na haɗiye ba, ranar sai na juya na ci gaba da kwasar tuwona.

Nan na yi kuskuren da nake nadama har yau. Na daina cin komai tun safe har in tashi daga tasha, ruwa ma sai in kurkure baki in zubar, don kada a ga na ɗauki buta. Na samo bagaruwa da wani sassaƙe na jiƙa ina sha, cikin ya ɗaure, na yi murna. Kwana huɗu ko iska ba ta fita ba. Cikina ya kumbura ya yi tauri, na fara amai kore shar, ranar kasuwa na faɗi gefen murhu da muciya a hannuna. Aka mayar da ni asibiti, aka zura mini roba ta hanci, aka ɗaura ruwa. Likita ya ce in hanjin bai buɗe ba cikin kwana biyu, sai an sake yanka ni, wataƙila ma a sake fito da shi waje. Inna ta zauna bakin gado ta dube ni ta ce, “Mi kinka yi ma kanki haka? Ni da niy yi wata bakwai ina wankinki ban yi ƙyama ba, sai maganar wani ƙato kinka ɗauka?” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da hantsin kwana na biyu iska ta fita, da ƙara kuwa, har matan gadajen kusa suka ji. Nas ta yi mini barka kamar na haihu, ni kuma na yi ta kuka ina dariya.

Wannan karon wata uku na zauna, na ci kunu da tuwo mai laushi, na bar jikina ya yi abin da zai yi. Da na koma rumfa, sai na ajiye ƙaton daro da sabulu a ƙofa, inda kowa ke gani. In na zagaya na dawo, a nan nake wanke hannu har gwiwar hannu, a hankali, ba na sauri. Na sa ƙanwata ta riƙa sauke tukunya. Direban nan kuwa ban jira ya sake magana ba. Ranar da na hango shi na kira shi a gaban mutane, na gaya masa sau biyu wuƙa ta shiga cikina ga ni tsaye, shi ƙaya ta soke shi sai ya kwanta. Na ce abin da ya fita cikin leda a jikina, shi ke cikinsa yanzu haka, fata ce kawai ta rufa masa asiri. Bai sake cin tuwona ba har ya bar hanyar, ni kuma ban taɓa kwana da tuwo a tukunya ba. Sai da na shekara guda kafin cikina ya daidaita, har yau kuma akwai ranar da yake tuna mini.

Abin da na koya shi ne, ba cutar ce ta kusa kashe ni karo na biyu ba, kunya ce. Duk wanda aka yi wa irin aikin nan, ina roƙonsa ya ci abinci, ya sha ruwa, ya ɗauki butarsa sau ashirin in ta kama, kada ya ɗaure cikinsa da jiƙo don gudun ido. In ciki ya kumbura ko amai ya fara, asibiti za a nufa, ba mai sassaƙe ba. Ku kuma masu lafiya, ku kama bakinku. Masu dariyar nan duka, babu ko ɗaya da ya taka Sakkwato ya ga robar da ke hancina.